An kawo mana majigi da laftof biyar, ya zan yi yara su koyi kimiyya da su ba kallo kawai ba?

Malamin Jega

Assalamu alaikum malamai da iyayenmu. Ina koyar da fiziks a wata sakandaren jeka-ka-dawo a yankin Jega, aji huɗu zuwa shida, wani lokaci har kemistiri nake riƙewa in mai ita ta tafi hutun haihuwa. Shawara nake nema don abin ya fara damuna.

Zangon da ya wuce tsofaffin ɗalibai suka yi karo-karo suka sayo mana majigi guda ɗaya da laftof biyar, na hannu ne amma suna aiki lafiya, Allah ya saka musu da alheri. Sai da kayan suka yi wata guda a kulle a ofishin firinsifal don tsoron ɓarayi kafin na samu aka ba ni makulli. Ni kuma da zumuɗi na sayi data da kuɗina na sauke bidiyoyi daga YouTube, na taitireshan (ɗiga asid cikin alkali ana aunawa har launi ya juya), na yadda wuta ke zagaya waya, na zuciya tana harba jini, na rufe tagogi da tsofaffin labulen gidana na haska musu a bango. Wallahi ban taɓa ganin ajin nan ya yi tsit irin na ranar ba, yara 84 ko tari babu mai yi, har waɗanda suka saba tsallake katanga bayan tara sun zauna. Na koma gida ina jin na gama da matsalar firaktikal.

Sati na zagayowa na fito da biret ɗinmu, dogon bututun gilashin nan mai lambobi da famfo a ƙasa, guda uku ne kacal suka rage masu lafiya, na kira yaron da ya fi kowa ƙoƙari na ce zo ka yi abin da ka gani. Ya cika biret ya bar mazurari a kai, ya tsaya yana karanta lamba daga sama alhali ruwan yana daidai cikinsa, kuma ya ɗauka sifili a ƙasa yake kamar na silinda, da ya buɗe famfon kuwa sai ya sake shi gaba ɗaya, kafin in ce tsaya launi ya juye ya wuce. Wannan fa shi ne na ɗaya a aji. Ina cikin wannan takaici wata yarinya ta ɗaga hannu daga baya ta ce Malam yaushe za a sake sa mana fim. Kalmar fim ɗin nan ita ta tsaya min a rai har yau.

Ga halin da muke ciki don mai ba da shawara ya sani. Wuta sai ta ga dama, janareton makaranta sai ranar da aka samu kuɗin mai, sabis a cikin aji babu sai ka fita wajen bishiyar darbejiya ta bakin ƙofa, an hana yara zuwa da waya, ni ina da tawa Android mai ɗan dama-dama. WAEC da NECO kuma ba bidiyo za su tambaye su ba, biret da ma'auni za a ajiye musu a gaba.

To waɗanda suka riga ni a wannan harka, ta yaya kuke sa kayan nan su koya wa yaro awo da lura da rubuta sakamako? Ko dai in mayar wa firinsifal makullinsa in koma allo da alli?

Abu Fiziks, Gusau

Wa alaikumus salam Malam. Kada ka mayar da makulli, in ka mayar sai ƙura ta cinye su a ofis. Ni ma na yi irin kuskurenka shekara guda cur, kullum bidiyo, yara suna yabona sakamako kuma yana nan inda yake.

Abin da na canza ɗaya ne, ba na kunna komai sai yaro ya fara kintata ya rubuta a littafinsa da biro. Misali fendulum. Kafin su ga komai sai in ɗaure dutse ƙarami da babba a zare tsawo ɗaya in ce wanne zai fi saurin lilo, kowa ya rubuta, kusan duka za su ce babban dutse, wasu su ce ƙaramin don ba shi da nauyi, sai gardama ta kaure, to gardamar nan ita nake so don yanzu kowa yana da abin da zai kare. Sannan in raba su rukuni-rukuni, zaren ɗinki ko na saƙar hula, guntun ƙarfe ko noti daga wajen bakanike, tef ɗin tela, ƙusa a jikin ƙofa. Tsawon mita ɗaya, a ƙirga lilo 20 zuwa da dawowa, wayarka ita ce agogo tunda tana ƙirga daƙiƙa har da ɓurɓushinta. In sun yi daidai za su samu wajen daƙiƙa 40, wato kowane lilo daƙiƙa 2. Su rage zaren zuwa santimita 25 za su ga lilo ɗaya ya koma daƙiƙa 1, tsawo ya ragu sau huɗu lokaci ya ragu sau biyu kawai, ka bar su da wannan su yi ta juya shi a kai.

A nan laftof ke shigowa. Kowane rukuni ya turo mutum ya shigar da lambobinsu a Excel, ka haska a bango kowa na gani, tsawo a layi ɗaya lokaci a ɗaya layin, ka nuna musu yadda ake ninka lokacin da kansa a fitar da giraf. Lambobinsu ne fa ba na littafi ba, shi ya sa in ɗigo ɗaya ya kauce daga layi za ka ji ana cewa na rukunin su wane ne, su kuma su tashi su sake awo don kunya. Amma giraf na farko dole a takarda da fensir za su zana shi don haka za su yi a jarabawa, na kwamfuta na duba aiki ne.

Bayan haka sai PhET, tarin gwaje-gwajen kimiyya da ake yi a allon kwamfuta. Ka nemo shi yau ɗin nan. Na Jami'ar Colorado ne a Amurka, wani masanin fiziks Carl Wieman da ya ci kyautar Nobel a 2001 shi ya assasa shi a 2002, kyauta ne a shafinsu kuma kowane gwaji kana iya sauke shi fayil guda ka buɗe a burauza ba tare da intanet ba. Ni darasin 2021 ne ya koya min haka, lokacin da aka rufe layukan waya a Zamfara a watan Satumba muka kwashe makonni ba kira ba data, tun daga nan duk abin da ba zai yi aiki a filas ba ba na dogara da shi. A cikin na fendulum ɗinsu akwai inda za ka ɗauke gwajin daga duniya ka kai shi kan wata ko Jufita, zaren mita ɗaya da ke lilo a daƙiƙa 2 a nan, a kan wata sai ya ɗauki kusan 5 saboda jan can wajen 1.6 ne namu 9.8. Irin wannan ne amfanin allon, abin da ba za ka iya yi da zare da noti ba. Haka na haɗa wayoyin lantarki, yaro zai haɗa batir kai da gindi ba komai a tsakani ya ga wuta ta kama a allo, ya yi dariya ya gane, ba a ƙona komai na makaranta ba. Amma gobe ka kawo batirin tocila da ƙwan fitila da waya ta gaske, don a allo waya ba ta taɓa yin tsatsa kuma ba ta kwancewa, a hannu kuwa rabin aikin neman inda bai taɓa ba ne.

Akwai kuma phyphox na wata jami'a a Aachen ta Jamus, a waya ake sa shi, yana amfani da na'urorin da ke cikin wayar wajen auna ƙara da haske da motsi da maganaɗisu. Sai dai ƙananan wayoyin da muke riƙewa ba duka ke da duk na'urorin ba, wanda wayarka ba ta da shi za ka ga ya dushe ba ya buɗuwa, kada ka ɗauka lalacewa ya yi.

Tsohon Hedimasta, Argungu

Malam na Jega sannu da ƙoƙari, Allah shi yi albarka. Ni tsoho na, na aje alli da daɗewa, jikana ad da wayar shi ka rubuta min.

Wanga suna majigi ba sabo ba na a wurinmu. Muna yara mota ka zuwa da shi gari, a kahwa farin ƙyalle bakin kasuwa bayan isha'i a nuna muna yadda aka sa taki da yadda aka tsabtace rijiya, gari duk shi hito har da tsohuwa mai sanda, a yi ta sowa, in an ƙare kowa shi tahi gida, da sahe kuma a koma yadda anka saba. Gani ba ci ba na. Shi na abin da ɗiyarka ta hwaɗa maka da ta ce fim, ba ta yi ƙarya ba, kada ka ji haushinta.

Mu da munka koyar ba mu da ko ƙwan lantarki, amma yaranmu sun san awo. Sanda muka kahewa tsakar fili, kowace sa'a yaro shi zo shi aza dutse inda inuwa ta tsaya shi auna da taƙi shi rubuta, kahin a tashi sun ga da idonsu inuwa na raguwa har ta tsaya ta koma ƙaruwa, sai in ce musu to ga zawali nan da liman ka dubi kahin kiran azahar. Gwangwanin madara muka aunin ruwan sama da shi duk damana, kowane aji da littahinsu. Ban ce ku yar da kwamfuta ba, zamaninku na, kuma na ji abin da malamin Gusau ya rubuta ya gamshe ni don ya sa zare gaba ya sa allo baya. Tsorona ɗai malamin da bai shirya darasi ba, shi kunna ma yara abu shi koma baya shina latsa waya tai. Na ga haka da idona a wata makaranta da anka gayyace ni rabon kyauta. Majigi bai gajiya, shi ya sa raggon malami ka son shi.

Abu Fiziks, Gusau

Baba Allah ya ƙara girma, ranka ya daɗe wannan gwajin sandar naku har yanzu babu wanda ya fi shi, kuma waya za ta ƙara masa armashi. Mu nan muna wajen digiri 12 ne arewa da tsakiyar duniya, to sau biyu a shekara rana tana bi ta saman kanmu daidai, wajen ƙarshen Afrilu da kuma bayan tsakiyar Agusta, a ranakun nan sandar da aka kafa a miƙe inuwarta kusan ɓacewa take da tsakar rana. Na Agusta hadari kan ɓata shi, na Afrilu ya fi. Kuma tsakar ranar ba sha biyu ba ce ta agogo, a Gusau sai wajen sha biyu da rabi, a Birnin Kebbi sai kusan ɗaya saura kwata don kun fi mu yamma. Malam na Jega in ka yarda mu haɗa, yaranka da nawa su kafa sanda rana ɗaya, kowa ya rubuta lokacin da inuwa ta fi gajarta, mu tura wa juna hoto ta WhatsApp, su da kansu su gano me ya sa namu ya riga naku da wajen minti goma.

Maman Ilham, Talata Mafara

Salam. Ni bayoloji da kemistiri nake koyarwa a makarantar 'yan mata. Malam batun biret babu wata dabara, hannu sai ya taɓa. Uku gare ka, to ka daina jiran ranar firaktikal, ka kafa su a bayan aji da ruwan rijiya zalla ba asid ba komai, kullum yara shida su zo lokacin tara su yi abu ɗaya tak, sakin ruwa ɗigo-ɗigo da hannun hagu da karanta lamba ido daidai da ƙasan lanƙwasar ruwan. Ruwa ba ya ƙarewa ba ya ƙona kowa. Inda waya ta taimake ni shi ne ina ɗaukar hoton biret kusa-kusa, in haska a bango ya zama ƙato, in ce kowa ya rubuta abin da ya karanta, sai ka ji amsa kala biyar a hoto ɗaya, daga nan in ɗauki hoto daga sama da daga ƙasa na ruwa ɗaya su ga yadda lamba ke canzawa alhali ba a taɓa komai ba. Hotonka na biret ɗinku ya fi musu bidiyon Turawa sau goma don gobe shi za su riƙe. Kuma in yarinya tana yi ina ɗaukar hannunta kawai a bidiyo, ban da fuska saboda iyaye, mu kalla tare a hankali ta ga inda ta saki famfo da yawa.

In sinadarin gane asid ya ƙare, soɓo. Ki jiƙa, afuwan Malam na saba da 'yan mata, ka jiƙa busasshen soɓo ka tace, ka zuba a kofunan roba farare. Lemun tsami ko ruwan tsamiya zai ƙara masa ja, ruwan kanwa ko ruwan toka zai juya shi ya yi duhu ya koma wajen kore. Duk yarinyar da ta taɓa taya uwarta girki ta san kanwa tana kashe tsamin yakuwa, ba ta dai san sunan abin a littafi ba ne, ranar da na ce musu wannan shi ne asid da alkali suna kashe juna wata ta ce ashe Inna ma kemistiri take yi. Su jera kofunan su ɗauki hoto su yi tebur, me aka zuba, wane launi, ɗigo nawa. Amma ka gaya musu a jarabawa ba soɓo za a ba su ba, dole su ga na kwalba ko sau biyu ne kafin lokacin.

Ku da kuke maƙwabtaka da Aliero ai ba ku da uzuri a kan albasa. Siririn bayan nan na cikin ɓawo, ɗigon aidin, in kuna da maikuroskof ko ɗaya ne ka ɗora kyamarar waya a bakin inda ake sa ido, sai ka yi haƙuri da rawar hannu kafin ta kama, in ta kama ka ɗauka ka haska, yara 84 su ga ɗakunan ƙwayar halitta jere kamar tubali a lokaci ɗaya maimakon layin da ba ya ƙarewa har a buga ƙararrawa. Sannan su zana da fensir su sa suna. Akwai wani maikuroskof na takarda da ake naɗewa, Foldscope, da aka ƙirƙira a Jami'ar Stanford, yana girmama abu sau 140, in tsofaffin ɗalibanku za su sake yin karo-karo irin wannan za ka roƙa ba ƙarin laftof ba.

Abin da ya sa na dage da awo, mu nan mun ga abin da rashinsa ke yi. A 2010 gubar dalma ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, daga dutsen zinariya da ake dakawa a cikin gidaje, ƙasar tsakar gida ba ta canza launi ba ba ta yi wari ba, ana ta cewa iska ce ko zazzaɓi, sai da aka auna jinin yara aka auna ƙasa sannan aka san abin da ake ciki. Ina ba ɗalibaina wannan labarin duk shekara a ranar farko, wasunsu ma 'yan can ne sun fi ni saninsa.

Abu na ƙarshe, in ajinka a haɗe yake maza da mata ka sa ido, maza za su mamaye laftof matan su koma riƙe littafi. Ka raba aiki da suna kuma ka riƙa juya shi.

Sola Na Birnin Kebbi

Malam ni ba malami ba ne, haɗa sola nake yi, amma bari in sa baki a ɓangarena. Majigi irin mai ƙwai na da yana shan wuta sosai, wat 200 zuwa 300, kuma yana zafi, in ka kashe kada ka zare waya sai fankarsa ta tsaya da kanta in ba haka ba ƙwan zai mutu da wuri, wannan ɗauke wutar ba zato ma ita ke kashe su. Duba takardar da ke manne a ƙarƙashinsa za ka ga abin da yake ci. Laftof kuwa ba ta da ci, yawanci cajarta wat 45 zuwa 65 ne. Wato laftof biyar ɗinka gaba ɗaya cinsu kusan daidai yake da na majigin, ga su da batir a jiki. In ni ne, ranar da ba mai sai in bar majigi in caza laftof tun dare, in ajiye su kusurwa biyar yara su riƙa zagayawa. Lokacin hunturu ka ɗinka musu riga wajen tela, ka riƙa cire matatar iskar majigin kana kakkaɓewa, ƙurar nan tamu ita ce ajalinsu, a watan Afrilu kuma kada ka ajiye laftof kan katifa ko buhu tana aiki. Kuma don Allah kada kowa ya zo ya soka filas ɗinsa, filas ɗaya na makaranta a aljihunka.

Ɗalibar Aliero

Malam ni ɗaliba ce a jami'ar kimiyya da fasaha ta Aliero, ina aji biyu. Ranar da na fara riƙe linzamin kwamfuta ita ce ranar gwajin JAMB, tunda tun 2015 a kwamfuta ake yinta gaba ɗaya, hannuna rawa yake na ɓata minti kusan goma ina neman yadda zan koma tambayar baya. Ko ba komai ka bar kowa ya taɓa, ko lamba biyu ce ya shigar. Kuma da muka shiga lab a aji ɗaya waɗanda suka fi mu ba masu haddar ma'ana ba ne, masu iya zana tebur ne su rubuta awo sau uku su fitar da matsakaici ba a ce musu ba. Ni sai a nan na san ana maimaita awo, a sakandare lambar da malam ya rubuta a allo muke kwafa mu kai jarabawa.

Malamin Jega

Jama'a na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Baba na Argungu maganarka ta raggon malami ta same ni, don ranar bidiyon zuciya ina baya ina duba sakamakon ƙwallo, Allah ya yafe mana.

Na yi shiru kwana biyu ne don in gwada kafin in dawo. Ranar Talata muka yi fendulum da aji biyar. Noti goma na karɓo wajen mai gyaran babur na ƙofar makaranta, da ya ji na yara ne ya ƙi karɓar kuɗi, zare kuma na uwargida ne ba ta sani ba tukuna. Agogo ne ya zama matsala don waya ɗaya ce, sai na ari ta malamin lissafi da ta mai gadi, sauran rukunai suka yi amfani da agogon laftof. Kintace kuwa 61 suka ce babban noti zai fi sauri, 15 suka ce ƙarami, 3 kawai suka ce ɗaya ne, sauran ba su zo ba ranar kasuwa ce a ƙauyensu. Da aka gwada aka ga ɗaya ne wani yaro ya ce zaren ne ba daidai ba, ya kwance ya sake aunawa da tef da kansa har sau biyu, ban hana shi ba, shi ne dai yaron da ya zubar min da asid.

A mita ɗaya yawancinsu sun samu tsakanin 38 da 41. Masu 40 lissafinsu na jan duniya ya ba su kusan 9.9, masu 41 suka samu 9.4, masu 38 suka haura 10.9. Rukuni ɗaya suka kawo 20, lissafi ya ba su 39 da ɗoriya, da na haska a bango ɗigonsu yana can shi kaɗai aji ya fashe da dariya ana cewa su ba a duniyar nan suke ba. Ban faɗa musu kuskuren ba na ce su zo gaba su sake yi kowa na kallo, suna fara ƙirga yarinyar nan mai tambayar fim ta miƙe ta ce Malam zuwa suke ƙirgawa ɗaya dawowa biyu. Ita ta shigar da sabuwar lambar a Excel, da yatsa ɗaya, ta goge layin wasu cikin kuskure muka sha wahala kafin mu dawo da shi.

Ba komai ne ya tafi daidai ba. Darasin ya cinye fiiriyod biyu da rabi malamin Turanci yana tsaye a ƙofa yana duba agogo, hayaniya kuma har mataimakin firinsifal ya leƙo ya ɗauka faɗa ake. Na kan wata ba mu samu yi ba an ɗauke wuta, sai mako mai zuwa. Silabus kuma yana nan yana jirana, ban san yadda zan yi irin wannan kowane mako in gama shi ba, wataƙila sau ɗaya a sati biyu.

Maman Ilham biret suna bayan aji tun jiya da bokitin ruwa, soɓo kuma na sa an sayo gwangwani biyu. Maikuroskof ɗinmu ɗaya ne madubinsa na ƙasa ya fita, in na haska da tocilar waya daga ƙasa zai yi ko hasken zai yi yawa? Malam Abu na yarda da batun sanda, ka zaɓi ranar a satin ƙarshe na Afrilu in ba mu shiga hutu ba, in mun shiga zan tara na cikin gari su zo. Sanda mai tsawo nawa za mu kafa, kuma da me kuke tabbatar da ta miƙe sosai, igiyar magina?